Wuƙar Layya da Ganyen Rogo

A gidanmu na unguwar Kilomita Biyar a birnin Bangi akwai wuƙa guda da mace ba ta taɓawa. Wuƙar yanka ce ta Baba, doguwa, mai ƙotar ƙaho, tana zaune cikin kubenta na jar fata a soke a saman ƙofar ɗakinsa. Ba a yanka albasa da ita, ba a fere rogo, ko igiya ba a tsinkawa. Sai ranar layya, ko ranar suna, ko in wata dabba ta kwanta ana tsoron kada ta yi mushe, sannan Baba zai miƙa hannu ya zaro ta, ya zauna a bakin rijiya da dutsen washi. Tun ina ƙarama na san ƙarar nan, kuma in na ji ta na san yau za a rage dabba ɗaya a garke.

Baba shagon atamfa gare shi a Kasuwar Kilomita Biyar, amma in ka bi ta zuciyarsa makiyayi ne da aka ɗaure wa ƙafa da shago. Mahaifinsa ya zo Bangi yana saurayi daga ƙasar Damagaram, yana kore da 'yan tumaki irin balami, farare, dogaye, masu lanƙwasasshen hanci da manyan kunnuwa. Tumakin garin nan gajeru ne, in suka tsaya kusa da namu sai ka ɗauka 'ya'yansu ne. Ƙasar ba ta karɓi balami da sauƙi ba, don ruwan sama ya yi musu yawa, kofatansu na ruɓewa. Kakanmu ya yi musu rumfa a bayan gida da daɓe mai tudu, ya lallaɓa su har suka zauna, Baba kuma ya gaje shi. Jinin tumakin nan bai taɓa yankewa a gidanmu ba. Baba yakan gaya wa duk baƙon da ya shigo haka, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Abincinsu ma na gata ne. Harawa da dusa suna zuwa ne a manyan motocin da ke kawo kaya daga Kamaru, ciyawa kuma masu amalanke ke yankowa daga bayan gari su kawo har ƙofar gida. Baba da kansa yake zuba musu, ya jiƙa kanwa, ya tsaya yana kallonsu hannu a baya. Ni kaɗai cikin 'ya'yansa nake binsa bayan gida, don 'yan'uwana maza ƙwallo da babur suka sa gaba. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa yake kirana Uwata.

"Ki duba muƙamuƙi, Uwata," haka yake cewa. "Dabba in ta kwanta tana tuƙa, cikinta na aiki. In ka cika ta da dusa zalla ba ganye, ba abin da za ta dawo da shi baki ta sake taunawa, sai ciki ya kumbura. Ranar da kika ga ta daina tuƙa, ki zo ki kira ni ko ina masallaci."

Mama kuwa haifaffiyar Bangi ce, Musulma 'yar Musulmi, amma harshenta Sango ne. A gidan aure ta koyi Hausa, kuma har ta koma ga Allah ba ta raba "ya" da "ta" ba. Rago "ita" ne a bakinta in ta ga dama, tunkiya kuma "shi". Tukunya biyu ake ɗorawa a gidanmu kullum. Ɗaya tuwon masara da miyar kuka ko kuɓewa, ta Baba da yayarsa Goggo da ke zaune tare da mu. Ɗaya kuma gozo, wato tuwon garin rogo, da ngunza, miyar dakakken ganyen rogo da man ja da gyaɗa, ta Mama da duk wanda ya bi ta. Ni na bi ta, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Baba bai taɓa sa ngunza a bakinsa ba. Ba ya kushewa, sai dai in aka miƙo ya ce alhamdulillahi ya ƙoshi.

Goggo ce mai kushewa a madadinsa. Ita ta raɗa min suna 'yar ngunza. In na yi kuskure a Hausa, ta ce ganyen ne ya naɗe min harshe. In na yi dariya da ƙarfi, ganyen ne. "Ke 'yar ngunza, zo ki ɗauke min buta," a gaban baƙi, a gaban kowa. Ina dariya a fili, amma abin yana min ciwo, don na san abin da take nufi: rabina ne kawai nasu.

Sai shekarun rikici suka zo. Ba zan ba da labarinsu a nan ba, wanda ya zauna a unguwar ya sani, wanda bai zauna ba kuma ba zan iya sa shi ya ji yadda muka ji ba. Abin da ya shafi wannan labari shi ne unguwarmu ta zama kamar ɗaki da aka rufe daga waje. Mutane da yawa sun bi ayarin motoci zuwa Kamaru da Cadi, ciki har da 'yan'uwana maza. Mijina yana can Kamaru wajen sayen kaya hanya ta rufe a bayansa, ni kuma na kwashe 'ya'yana na dawo gidan Baba. Shi Baba ya ce ba inda za shi. Ya ce wa masu lallashinsa ubansa a nan yake kwance, tumakin ubansa kuma ba mai ba su wuri a mota.

Harawa ta daina zuwa. Masu amalanke suka daina zuwa. Abin takaici, ciyawa na nan har ƙugu a tsallaken unguwa, kana hango korenta daga bakin titi, amma ba uwar da za ta bar ɗanta ya je yankowa. Baba ya fara auna dusar da ta rage da tafin hannu, sannan ya fara rage bakunan da ke ci. Ƙarar dutsen washi ta yawaita a gidanmu. Maƙwabta sun ci nama a lokacin da nama ya yi wuya, suna ta sa masa albarka, shi kuwa ko tsoka ɗaya ba ya iya haɗiyewa. A ƙarshe saura biyu: wani rago matashi, da farar tunkiya mai ɗigon baƙi a kunnen hagu, wadda take ɗauke da ciki.

Wata rana da hantsi Mama ta samu rogo daga wata ƙawarta, ta zauna ta fere shi don jiƙawa, ɓawon ya taru a faranti. Baba ya zo wucewa ya gani. A ƙasar ubansa rogo abin marmari ne, yara na ɓantara su ci ɗanye a gona, ɓawon kuma a watsa wa awaki. Haka ya ji tun yana yaro, haka ya ɗauka. Bai tambayi kowa ba, don a ganinsa ba a tambayar mace abin da ya shafi garke, ita ma Mama ta shiga ɗaki ba ta gani ba. Ya kwashi ɓawon nan jiƙe da ruwansa ya zuba a komi. Ragon, da yake ya fi ƙarfi, ya ture tunkiyar ya cinye kusan duka.

Baba ya tafi sallar azahar. Kafin ya dawo ragon ya fara tangaɗi yana haki, kumfa na fita a bakinsa. Na aika a kira shi, na tsaya ina kallon wuƙar nan a saman ƙofa, hannuna yana iya kaiwa, amma ko a raina ban kawo in taɓa ta ba. Da Baba ya shigo da gudu, babbar riga a kafaɗa, ragon ya riga ya miƙe ƙafa. Mushe a gidan mutumin da bai taɓa barin ko kaza ta mutu ba yanka ba. Ya daɗe tsaye a kansa. Sannan ya juyo ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, daga yau duk abin da ya fito daga jikin rogo, ɓawo ne ko ganye ko sanda, kada ya ƙara wuce ƙofar bayan gida.

Goggo ta samu abin faɗa. "Ai dama," ta ce tana kallon madafa. Mama ta ji, ta ci gaba da wanke tukunyarta.

Saura farar tunkiya, da abin da ke cikinta. In ta tafi, abin da kakanmu ya koro daga Damagaram ya ƙare ke nan, kuma a hannun Baba zai ƙare. Na ɗauki ciyar da ita a wuyana, don shi ya rage shiga bayan gida. Na gwada duk wani kore da ke cikin unguwa. Ganyen mangwaro tana ci kaɗan ta bari, bauri ya yi masa yawa, kashinta ya bushe ya yi tauri. Na sassare gangar ayaba daga wani kango ta wajen unguwar Kokoro, tana so, tana cika ciki, amma kusan duk ruwa ne, kana ganin ciki ya tashi da yamma, da safe ya faɗa. Zogalen gidanmu guda ɗaya ne, mu da ita muke rabawa, har ya koma sanda. Wata rana na same ta tana taunar kwalin sabulu. Ƙashin bayanta ya fito, gashinta ya tashi ya daina sheƙi, cikin kuma yana ƙara nauyi a kan ƙafafun da ke ƙara sirancewa. Tuƙar ma ta ragu, sai ta ɗan yi ta tsaya tana kallon bango.

Wata rana sai na ji ƙarar dutsen washi. Na fito na tarar da Baba a bakin rijiya yana gwada kaifin a farcen babban yatsa.

"Baba, ai tana tsaye," na ce.

"Na gani, Uwata. Ba yau ba." Bai ɗago ba. "Amma ranar da ta kwanta ta kasa tashi, ba zan jira ba. Ba za a yi mushe biyu a gidan nan ba."

Ya mayar da wuƙar cikin kube. Bai soke ta a saman ƙofa ba, a gefen buzunsa ya ajiye.

Na shiga madafa na zauna ina kuka. Mama tana tsinkar ganyen rogo na miya. Maƙwabcinmu da ya tafi Cadi ya bar wa Baba makullin gidansa, ya ce duk abin da ya tsiro a ciki halal ne gare mu, kuma shingen gidan gaba ɗaya rogo ne irin mai tsayi da ake dasawa don ganye. Da ba mai taɓawa sai ya yi daji. Daga nan muke ci. Mama tana zaɓar toho mai laushi tana jefawa a turmi, tsofaffin ganyaye da sandunansu kuma tana turewa gefe, sun yi tsibi za a zubar.

"Tunkiyar nan, shi yunwa ne kawai yake ji," ta ce, ba ta dube ni ba. "Ga abinci ana zubarwa."

"Mama, shi ne fa ya kashe ragon."

"Ɗanye ya kashe ta. Ke kin taɓa ganin na ba ku ɗanye?" Ta ɗauki ganye ɗaya ta murza a tafinta ta kai min hanci. Wani wari mai kaifi ya bugi hancina har ya hau kai. "Kin ji? Wannan shi ne mugun. Rogon ƙasar babanki mai sanyin hali ne, na nan mai ɗaci ne. Gozo sai ya kwana a ruwa ya sha rana. Ngunza sai ya sha turmi, a dafa shi tukunya a buɗe. In ganye yana lafiyarsa, mugun yana ciki a kulle. Sai kin ji masa rauni, kin yanka shi ƙanana, kin ba rana, sannan ya fita."

Na tambaye ta me ya sa ba ta gaya wa Baba ba. Ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ba a taɓa tambayarta komai a kan tumaki ba, ita ma ba ta taɓa tambayarsa gishirin miya ba.

Ni na je na same shi bayan la'asar. Na durƙusa na faɗi abin da Mama ta ce, a Hausar da na fi iyawa, don Goggo na zaune a gefe tana jan carbi da kunne a buɗe. Baba ya saurara har na gama, sannan ya ce ya riga ya yi magana. Na ce na ji maganarsa, amma wuƙa tana gefen buzu, in ba a gwada ba ma yanka ce, in an gwada aka ga alamar tangaɗi, yana kusa, ba za ta kai ga mushe ba.

"Tunkiyar ubanmu za a ba ngunza?" in ji Goggo. "Abin da shi kansa bai taɓa ci ba?"

Sai ga Mama a bakin ƙofa, hannunta kore da ganye. Ban taɓa ganin ta sa baki a maganar garke ba sai ranar.

"Malam," ta ce, "'ya'yanka duka da shi na yi nononsu. Wanne ya yi tangaɗi?"

Baba ya dube ta, ya dube ni. Ina tsammanin zai yi faɗa. Sai ya ce, "Ni ban gani ba, ban kuma zuba ba. Uwata, in ta mutu, a hannunki." Ya tashi ya tafi masallaci tun ba a kira sallah ba.

Washegari na fara. Na ɗebo tsofaffin ganyaye daga gidan maƙwabci cike da buhu, na zauna a kan turmi da wuƙar madafa ina yankawa a kan wani guntun katako. Wuƙar gajeriya ce, dakusasshiya, ta saba da tumatir. Sandunan ganyen suna da jijiya, sai na danna da ƙarfi suke rabuwa, kafin rana ta take tafina ya yi bororo ya fashe. Na hau tsani na baza a kan kwanon rufin madafa. Aikin shanya a Bangi kuwa sai mai ido a sama, don hadari ba ya sallama. Sau nawa na hau tsanin nan da gudu ina tattarawa da zani, Goggo na daga ƙasa tana cewa 'yar ngunza ta koma kadangaruwa.

Mama ce mai hukunci. Takan ɗebi kaɗan ta murza ta sansana, ta ɗora a kan harshe, ta tofar. "Bai yi ba." Sai a ƙara masa rana. Da ganyen ya bushe ya yi ƙamshi kamar sabuwar harawa, ba sauran warin nan, ta gyaɗa kai. "Yeke-yeke," ta ce, wato a hankali a hankali. Cikin tafi ɗaya na fara, na gauraya da yankakkiyar gangar ayaba da ɗan ganyen mangwaro, na yayyafa ruwan kanwa. Tunkiyar ta sansana ta kau da kai, irin na masu gidan. Na tsuguna ina roƙonta da Hausa, na koma roƙonta da Sango. Can ta sa baki.

Yinin nan ban bar bayan gida ba. Ina kallon numfashinta, ina kallon bakinta ko zan ga kumfa. Ba abin da ya faru. Kashegari na ƙara kaɗan. Ɓawon rogon ma Mama ta ce a jiƙa shi a shanya har ya yi ƙaras-ƙaras, a daka a zuba a madadin dusa. Shekaru bayan haka 'yata, da ta yi karatun kiwon dabbobi, ta bayyana min abin da muka yi da sunayen makaranta. Ta ce ganyen rogo yana da sinadarin gina jiki da bai gaza na harawa ba, ɓawon yana ba da ƙarfi, gangar ayaba da ganyen mangwaro kuma su ne ke ba tumbi abin riƙewa har dabba ta yi tuƙa, amma ba ɗayansu da zai riƙe dabba shi kaɗai. Na ji daɗin jin haka ƙwarai. A lokacin dai ba abin da na sani sai hancin Mama da muƙamuƙin tunkiya.

Baba ya cika alkawarinsa na rashin gani. In zai je bayan gida sai ya bi ta ɗaya gefen, amma na lura ya fara daɗewa wajen alwala a inda ake hango rumfar.

Wata safiya ina zaune ina fama da yankan ganye, hannuna naɗe da tsumma, sai Goggo ta leƙa rumfa ta dawo da sauri tana salati. "Ta kwanta," ta ce. "Ku kira shi, ta kwanta."

Na ajiye wuƙar madafa. Na ga Baba ya fito daga ɗaki da kuben jar fata a hannu, ya naɗe hannun rigarsa, ya wuce ni. Na bi shi ina jan jiki, ina cewa a raina ni na ja, ni na ce a gwada.

Tana kwance a kan daɓe, ta naɗe ƙafafu a ƙarƙashinta, ta miƙe wuya, idanu rabi a rufe. Baba ya zare wuƙar. Ya matsa kusa, ya sunkuya zai kama haɓarta, sai ya tsaya. Wani ɗan ƙulli ya taso daga ƙirjinta ya bi maƙogwaro ya hau, kumatunta ya cika, muƙamuƙin ya fara juyawa gefe zuwa gefe, a natse, kamar tsohuwa da goro. Ta haɗiye. Wani ya sake tasowa. Rabon da mu ga ta yi irin wannan tuƙar tun kafin harawa ta ƙare.

Baba ya tsuguna a gabanta da wuƙa a hannu, ya daɗe yana kallo. Ya tafa bayanta sau ɗaya, ta miƙe tsaf, ta yi miƙa, ta zubar da kashi ƙwaya-ƙwaya mai sheƙi. Ya ɗauki ɗaya ya murza tsakanin yatsunsa ya duba. Sannan ya sa hannu a komi ya ɗebo sauran busasshen ganyen ya kai hanci.

"Wannan ne ngunzan?" ya ce.

"Shi ne, Baba."

Ya dawo tsakar gida, ya tsaya a kan tsibin ganyen da nake yankawa, ya dubi wuƙar madafa, ya dubi tsumman da ke hannuna da jini ya ɓata. Ya ce in matsa. Ya zauna a kan turmin, ya tattaro ganye cike da hannu ya danne a kan katako, ya ɗora wuƙar layya. Sandunan da nake kokawa da su suka riƙa zubewa ƙanana-ƙanana ba ko ƙara. Goggo ta ce, "Wuƙar yanka fa ce," ya ce ya sani, shi ya wasa ta. Mama tana bakin madafa, ta ce masa ya ƙara ƙanƙantawa, ya ƙanƙanta.

Hannun tsoho ne, bai kai rabin buhu ba ya gaji. Ya juya wuƙar, ya riƙe ta ta baki, ya miƙo min ƙotar.

"Karɓi, Uwata. Ki kula da yatsunki, ba irin ta madafa ba ce."

Na goge tafina a zani kafin in karɓa. Ta fi yadda nake zato nauyi, ƙahon ya yi santsi da ɗumi inda hannunsa da na ubansa suka cinye shi. Ban taɓa jin alfahari irin na safiyar nan ba, ko ranar aurena, kuma ban yi ƙoƙarin ɓoye shi ba. Na zauna a tsakiyar gida, a gaban Goggo, na yanka ganyen Mama da wuƙar Baba har buhun ya ƙare.

Tunkiyar ta haihu cikin damina, 'ya mace guda, fara, mai dogayen kunnuwa, hantsar uwar kuma cike da nono. Maƙwabtan da suka rage da 'yan awakinsu suka fara zuwa tambaya, Baba yana zaune a zaure yana nuna musu hanyar cikin gida. "Ku shiga ku tambayi 'yar ngunza," yake cewa, kuma a bakinsa sunan ya canja ɗanɗano har Goggo ta daina amfani da shi, tunda ya daina cizo. Kafin hanya ta buɗe, rufin kwano da yawa a layinmu sun yi kore da shanya. Shi dai Baba bai ci miyar ba har ya bar duniya. In Mama ta miƙo sai ya ce a bar wa tumaki, sun fi shi buƙata, ita kuma ta ce tumakin sun fi shi hankali.

Yau garken yana hannuna, a rumfar nan dai ta kakanmu, kuma duk jikokin farar tunkiya ne. Harawa ta dawo kasuwa, ina saye, amma ban daina shanya a kan rufi ba, kuma masu zuwa neman ragon layya in suka tambayi sirrin ƙibarsu ina gaya musu ba tare da na rage murya ba.

Babbar Sallar farko bayan an samu sauƙi, yayana ya dawo daga Kamaru da ragonsa na saye. Da safe bayan an sauko daga idi ya miƙa hannu saman ƙofar Baba, ya laluba, bai ji komai ba. Ya zagayo bayan gida ya same ni a kan turmi. Wuƙar tana hannuna, bakinta ya yi kore, ta fara sirancewa a tsakiya saboda yawan washi. Ya tsaya yana kallona kamar ya ga na sa hular Baba. Sannan ya juya wajen Baba, wanda ke zaune a inuwar rumfa 'yar tunkiyar na taunar gefen rigarsa.

"Baba, wuƙar layya ce fa a hannunta."

"Na gani," in ji Baba. "Je ka ari wata a maƙwabta. Wannan tana da aiki."